CIWON KUMBURIN SAIWAR KABEJI

Ya kai mai lambu, in ka ga kabejinka yana yaushi da tsakar rana, da maraice ya farfaɗo, alhali kuwa ƙasa da danshinta, kada ka ƙara masa ruwa. Tumɓuke guda ka duba. In ka iske saiwar ta kumbura ta yi kullutu kamar rogo, to, ciwon kumburin saiwa ke nan.

Abin da ke kawo shi wata ƙwaya ce mai rai wadda ido ba ya gani. Wani masani Barashe, wai shi Woronin, shi ya bayyana ta a 1878, bayan ta ɓata lambunan kabeji a ƙasarsu. Ya raɗa mata suna Plasmodiophora brassicae.

Ga yadda ta ke ɓarna. An gina jikin tsiro da 'yan ɗakuna ƙanana, akwai kuma sinadaran girma masu yi musu umurni. Oksin shi ke sa ɗakunan su faɗaɗa, saitokainin kuwa ya sa su rabu su yawaita. Muddin suna bisa ma'auni, saiwa sai ta miƙe sosai. Amma in ƙwayar nan ta shiga ta gashin saiwa, sai ta rikita ma'aunin, saiwa ta yi ta kumbura ba iyaka. Abincin da ganye ya yi ya ƙare a kullutun, hanyar ruwa ta toshe, kabeji ya kasa ƙulla kai. Daga bisani kullutun ya ruɓe, ya zubar da irin ƙwayar cikin ƙasa, inda ya kan kwanta shekara 15 ko fi.

Ka lura, akwai wata tsutsa mai sa ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwar tumatir da kuɓewa. Wannan dabam ce. Kumburin da mu ke zance kabeji da danginsa ya ke kamawa.

Shukar da ta kamu ba ta warkewa, sabo da haka rigakafi ya fi magani:

1. Ka yi renon dashenka a ƙasa mai tsabta. Kada ka sayi dashe sai ka ga saiwarsa.
2. Ƙwayar tana son ƙasa mai tsami da kwanciyar ruwa. Ka ɗaga kunya, ka zuba farar ƙasa ko toka tun kafin dashe.
3. Wanda ya kamu, ka haƙe shi da saiwarsa ka ƙone. Kada ka ba dabba, gama ƙwayar ta kan fito cikin taki da ranta.
4. Ka wanke fartanya da ƙafafunka kafin ka shiga wani fangali.
5. Inda ciwon ya ɓulla, ka shuka albasa ko masara shekara da shekaru.

Kai kuma dagaci, ruwan da ya bi ta lambu guda shi ke gangarawa na maƙwabta. Ka tara masu lambu ka karanta musu wannan takarda, wanda ya ga alama kuwa ya gaya wa malamin gona tun da wuri.