Mece ce farautar rani, kuma ina dabbobi ke komawa?

Da zarar an kawar da amfanin gona, sai a fara jin labarin mafarauta a rediyo. Farautar rani ita ce fitar gayya da ake yi daga hunturu zuwa bazara, da karnuka da gora da bindigar toka.

Me ya sa sai da rani? Da damina ruwa na ko'ina, ciyawa ta rufe sawu, dabba ta bazu. Daga watan Nuwamba tafkuna kan fara ƙafewa, gobarar daji ta cinye ciyawa, dole gada da zomo da zabin daji su matso inda ruwa ya saura: gurbin Kogin Sakkwato da ya ratsa Gusau da Bunguɗu, fadamu, da gindin duwatsu irin na Kwatarkwashi da Tsafe. Tsohon maharbi bai cika yawo ba. Mashaya yake nema, ya duba sawu da sassafe kafin iska ta share shi.

Wa abin ya shafa? Manoman rani, waɗanda mafarauta kan tattake musu shuka a fadama, da makiyaya masu shayarwa a wuri ɗaya. Su kansu mafarautan sun takura, domin 'yan bindiga sun mamaye manyan dazuzzuka irin Kuyambana. Mai niyyar fita ya fara sanar da mai gari.