Awon Basirar Gane Zuciya a Ciwon Rashin Tsayuwar Hali

Akwai wani ciwo wanda ba hauka ba ne, mai shi kuwa ba ya samun zama lafiya da kansa ko da jama'a. Yau ya ɗauki mutum ya kai shi sama, gobe ya mai da shi abokin gaba. Kullum yana cikin tsoron a guje shi, fushinsa kusa yake, wani lokaci har ya ji wa kansa rauni. A shekarar 1938 wani likita a Amurka, Adolph Stern, ya kira irin waɗannan mutane na bakin iyaka, watau tsakanin hauka da ƙananan ciwace-ciwacen damuwa. Sai a 1980 ciwon ya shiga babban littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da sunansa. A nan za a kira shi ciwon rashin tsayuwar hali.

Masana biyu na Ingila, Peter Fonagy da Anthony Bateman, sun ce tushen wahalar shi ne raunin wata basira, watau iya gane cewa bayan kowane aiki akwai nufi da tunani da motsin rai, na mutum kansa da na waninsa. Mai wannan ciwo yana da basirar, amma da zarar ransa ya ɓaci sai ta kuɓuce masa. Suka gina magani a kan haka, suka gwada shi wata 18 a asibitin St Ann's na Landan, suka buga sakamakon a 1999: waɗanda aka yi wa maganin sun rage yunƙurin kashe kansu da kwanciya asibiti. To, abin da za a yi wa magani tilas a iya auna shi. A nan gizo ke saƙa.

Awo mafi sauƙi shi ne na idanu, wanda Simon Baron-Cohen na Kambirij ya gyara a 2001. Hotuna 36 ne na idanu kaɗai, kowanne da kalmomi 4, mutum ya zaɓi wadda ta dace da abin da mai idon ke ji. Abin mamaki, a 2009 Eric Fertuck da abokan aikinsa suka tarar masu ciwon sun fi lafiyayyu ci. Wasu da suka sake gwadawa ba su sami haka ba. An sami ƙarin haske daga wani awo na Jamus na 2006, inda ake nuna majigi na kamar minti 15, mutum huɗu sun taru cin abincin dare, ana tsai da shi ana tambaya. Da shi ne Carla Sharp ta nuna a 2011 cewa kuskuren matasa masu alamun ciwon yawancinsa wuce gona da iri ne: a ga ɗan ɗaure fuska, a gina masa labarin ƙiyayya. Hausawa sun riga sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Mai wannan ciwo zatonsa yaƙini ne a gare shi.

Awon da ya fi zurfi shi ne na Fonagy da abokansa na 1998. Ana zama da mutum a tambaye shi labarin ƙuruciyarsa, har a ce ya kawo kalmomi 5 masu bayyana zamansa da mahaifiyarsa. Sa'an nan gwani ya karanta amsoshin ya ba da maki, daga 1 ƙasa da sifiri har zuwa 9. Saboda cin lokacinsa aka fito da gajeriyar takardar tambayoyi 8 a 2016, ko da yake da wuya wanda bai san zuciyarsa ba ya iya ba da shaida a kanta.

Yanzu a ɗauko wannan awo a kawo shi ƙasar Kabi. A ce wata budurwa ce daga Gwadangaji aka kai asibitin Sir Yahaya a Birnin Kabi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato. Likita baƙo ya ce ta siffanta mahaifiyarta. Za ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya." Bisa ƙa'idar awon, wannan amsa maki kaɗan take ci, domin ana ɗaukarta kaucewa. Amma yarinyar tarbiyya ta nuna. A gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba a koya wa 'ya ta zauna tana tone halin uwa a gaban baƙo ba. Kirk-Greene, a littafinsa Mutumin Kirkii na 1974, ya lissafa kunya da haƙuri cikin halayen da ake yabon Bahaushe da su, kuma zurfin ciki ba ya nufin ciki babu komai. Haɗarin yana da fuska biyu: a lasafta lafiyayya cikin marasa lafiya, ko kuwa mai ciwon gaske ta ɓuya a bayan ladabi har ta cuci kanta.

Awon idanu ma haka. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma yaro mai ladabi ba ya ƙura wa babba ido. Hotunan kuwa na Turawa ne, kuma a 2010 Reginald Adams ya gwada Japanawa da Amurkawa ya tarar kowa ya fi gane idon mutanensa.

Sauran aikin na masu nazarin harshe ne. Hausa ta rarraba motsin rai tsakanin ciki da rai da zuciya da hankali: baƙin ciki dabam, ɓacin rai dabam, tashin hankali dabam, yin zuciya kuma wani abu ne. Wanda zai juya kalmomi huɗun nan na kowane hoto, in ya sa takaici da haushi a layi ɗaya, ya auna sanin Hausar mutum ne kawai. Kalmar da ta zauna daidai a kunnen Bakano kuma sai an gwada ta a bakin mutanen Argungu da Gwandu kafin a amince da ita.