Haidiroksil: Mai Wanke Iskar da Muke Shaƙa

Kullum hayaƙi na tashi daga tirelolin da ke ratsa Birnin Ƙonni, da masana'antar siminti ta Malbaza, da karan da ake ƙonawa a ƙauyukan Illela lokacin sharar gona. Shanu ma na fitar da iskar mitan idan suna tuƙa. Me ya hana wannan duka taruwa har numfashi ya gagara? Babban dalili shi ne wani ɗan sinadari mai suna haidiroksil, wanda ake rubutawa OH.

Asalinsa da aikinsa

Idan hasken rana ya fasa iskar ozon, ƙwayar oksijin da ta ɓalle takan haɗu da tururin ruwa, sai a sami OH. Da ya samu sai ya afka wa kabon monoksaid ko mitan, ya soma warware su, shi kuma ya ƙare nan take. Da wuya ya cika daƙiƙa ɗaya. A 1971 Hiram Levy ya bayyana muhimmancinsa, Paul Crutzen kuma, wanda ya ci kyautar Nobel a 1995, ya kira shi sabulun sararin sama. Sai dai ba ya taɓa ƙurar hunturu, ba ya rage kabon dayoksaid.

Yadda ake auna shi

Ba a iya ɗura shi a kwalba a kai ɗakin bincike, don kafin a rufe bakinta ya ɓace. Ga shi kuma ɗan kaɗan: a cikin ƙwayoyin iska tiriliyan guda, da kyar a sami ɗaya. Dole na'ura ta bi shi inda yake. A dabarar da ake kira FAGE, ana zuƙo iska ta wata ƴar huda zuwa cikin bututun da aka kwashe kusan duk iskarsa, a haska ta da leza mai tsawon zango nanomita 308. Kowace ƙwayar OH ta sha hasken, ta mayar da ɗan ƙyalli, na'ura ta ƙirga. Ɗan'uwansa HO2 kuwa, sai an zuba masa naitirik oksaid ya koma OH, sannan a ƙirga shi.

A samaniyar Nijar

A daminar 2006, ƙarƙashin shirin AMMA mai nazarin daminar Afirka ta Yamma, jirgin bincike na Birtaniya, BAe-146, ya yi zango a Yamai ɗauke da irin wannan na'ura ta Jami'ar Leeds. Ya riƙa shawagi a kan Sahel har zuwa dazuzzukan Binin. Masanan sun tarar cewa inda ruwa ya jiƙa busasshiyar ƙasa, ƙwayoyin halittar cikinta na sakin naitirik oksaid, ozon ya ƙaru a wurin. Irin ƙasar da manomin Ƙonni ke jefa wa irin hatsi bayan ruwan shuka ke nan, wato gonarsa ma na da hannu a aikin wanke iska, tunda daga ozon ake samun OH.

Rana mai ƙarfi da laimar damina sun sa yankuna masu zafi irin namu ne suka fi cinye mitan, wadda kan yi wajen shekara 9 a sama tana ɗumama duniya. Amma yawancin awon OH a Turai, Amurka da Sin aka yi shi. Matuƙar ana son hasashen yanayi ya dace da Sahel, sai an yawaita awo a nan, kuma ɗaliban kimiyya na jami'o'in Yamai da Tawa sun cancanci a ba su kayan aikin da za su yi shi da hannunsu.