Daga Takin Malam Zuwa Turken Siminti

A gefen wani shagon walda a Dakata akwai ɗan turken siminti da ƙasa ta kusa binnewa, da lamba a kansa. Yara kan zauna a kai su sha rake. Amma ranar da rigimar fili ta tashi, shi ake fara nema kafin a je wa mai unguwa.

Zana ƙasa a takarda ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Clapperton taswira a Sakkwato, mai nuna garuruwa da kogin Kwara. A 1851 kuma Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya hau Dala ya ƙare wa Kano kallo, ya zana fasalinta. Sai dai waɗannan taswirorin matafiya ne: ina hanya, ina ruwa, kwana nawa a kai zango.

Awo shi ne ya zo bayan Turawa sun ci Kano a 1903, kuma haraji ne ya kawo shi. Malaman taki suka bazu ƙauyukan Kano, malam ya taka tsawon gona da faɗinta yana ƙirga, ya rubuta, a yanka wa manomi kuɗi daidai girmanta. To, takin dogo ai ba ɗaya yake da na gajere ba, kuma ƙafa kan gajarta ko ta miƙe gwargwadon tarbar da aka yi wa malam. Shi ya sa daga baya aka koma jan sarƙa. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa a 1909 tana cikin wuraren da 'ya'yan ƙasa suka fara koyon aikin safiyo.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni suka biyo shi suna neman fuloti. Aka yanka Bompai, can daga baya Sharaɗa da Challawa. Gonakin da gamba da aguwa ke raba iyakarsu suka zama lambobi a fayil, dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar a hannun gwamna.

Yau safiyo na zuwa Dakata da na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam, bayanan su tafi kwamfutar KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano. Duk da haka sai ka gan shi durƙushe, ya ari fartanya, yana tonon turken nan.