Ibrahim Alfa, Matuƙin Jirgin Yaƙin Da Ya Mulki Daura

Mu masu cin kasuwa daga Yekuwa zuwa Daura, kaɗan ne cikinmu suka san matuƙin jirgin yaƙi ya taɓa mulkin can. Marigayi Ibrahim Alfa ke nan, haifaffen Garkida a 1942, wanda ya koyo tuƙi a Jamus.

Da yaƙin Biyafara ya ɓarke a 1967, a Kano aka sauke jiragen MiG na Rasha, yana cikin matuƙansu. Wannan yaƙi kuwa bai ƙyale 'yan kasuwa ba. Bama-bamai sun faɗa kasuwannin gabas, mata da yawa suka halaka.

A 1978 ya zama gwamnan Kaduna, lokacin Daura na ƙarƙashinta. Ya shugabanci sojan sama daga 1984 zuwa 1990, ya rasu a 2000.