Injin Babbar Mota Ya Buga: A Sauya Shi Ko A Sayi Wata Motar?

Idan injin tifa ko tirela ya buga, abin da za a fara dubawa shi ne jikin motar. Shasin da bai tsage ba, giya mai shiga lafiya, birki da tayoyi masu ƙwari, duk alamu ne cewa motar ta cancanci wani inji. In kuwa tsatsa ta cinye ƙasanta, sabon inji zuba ruwa ne a kwando.

Sai kuma a gano musabbabin bugawar. Yawanci ƙarancin baƙin mai ne, ko zafi saboda lagireto ya toshe. In ba a gyara wannan ba, injin da aka ɗora ma zai bi sahun na farko.

Mai neman inji ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ya tafi da bakanikensa. A tayar da injin a gabansu, a duba hayaƙinsa, a karɓi rasit mai lambar inji.

Wata motar kuwa, in ta hannu ce, tana iya zuwa da nata ciwon a ɓoye. Saboda haka a haɗa lissafin inji, ladan bakanike da kwanakin da mota za ta yi ba lodi, a kwatanta da kuɗin sayen wata motar. Muddin jiki na da lafiya, sauya inji ya fi sauƙi.