Wakilin suna se da aikatau masu komawa kan mai aiki a Sifaniyanci

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus na Sifaniyanci zai tarar da aikatau masu ƙarewa da -se, irin su lavarse da levantarse. Wannan ɗafin wakilin suna ne, kuma yana sauyawa gwargwadon mai aiki: me lavo, te lavas, se lava, nos lavamos, os laváis, se lavan. A Latin Amurka ba a amfani da os a maganar yau da kullum, ustedes se lavan ake cewa.

Matsayinsa yana da ƙa'ida. Yana gabatar aikatau mai nuna lokaci, amma yana mannuwa a ƙeyar umarni: lávate, sai dai idan an kore umarnin ya dawo gaba, no te laves. A jerin aikatau biyu akwai zaɓi, voy a lavarme ko me voy a lavar, ma'ana ɗaya.

Wanda ya yi karatu da Faransanci yakan ɗauka ya san hanyar, tunda se laver ba baƙo ba ne a gare shi. A nan tarko yake. Faransanci na cewa elle s'est lavée, da être da alamar jinsin mace. Sifaniyanci kuwa haber kaɗai yake ɗauka, kuma ƙarshen aikatau ba ya motsi: ella se ha lavado.

Kwatanci da Hausa ya fi haskaka lamarin. Hausa ta rarraba ayyukan da se ke yi shi kaɗai. Tana da kai, kamar a ya yanke kansa, tana da juna, kamar a sun dubi juna. Jimlar se miran tana ɗaukar ma'anonin biyu, shi ya sa mai magana kan ƙara a sí mismos ko el uno al otro idan yana gudun shubuha. Haka kuma la puerta se abrió ba ta nufin ƙofa ta buɗe kanta. Daidai take da ƙofa ta buɗe, inda Hausa ke barin aikatau ba tare da karɓau ba. Game da gaɓoɓin jiki, Bahaushe na cewa na wanke hannuwana, da mallaka a jikin suna, alhali me lavo las manos ta ɗora mallakar a kan me. Mis manos a wannan gurbi tana da nauyi a kunne.

Abin da ya fi wuya shi ne aikatau da babu wani komawa a cikinsu. Dormir barci ne, dormirse barci ya ɗauke mutum. Ir tafiya ce zuwa wani wuri, irse barin wuri ne. Quejarse da arrepentirse, wato kokawa da nadama, ba sa zuwa sai da wakilin sunan. Saboda haka masana nahawun Sifaniyanci suka fi son kiran rukunin verbos pronominales, kuma irin waɗannan sai an haddace su tare da se ɗinsu tun ranar farko.